SkyServer: Inda Ɗalibaina Suka Auna Nauyin Gungun Coma da Hannunsu

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a jami'a, ina tsaye gaban allo, na gama rubuta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin kowane gungun galaksi wani abu ne da ba a gani, sai wata ɗaliba da ke zama a layin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, don Allah, wa ya auna?" Na ba ta sunan Fritz Zwicky, na ba ta shekarar 1933, na rubuta mata lissafin. Ta kwafe a littafinta cikin ladabi, amma fuskarta ta nuna mini ba ta gamsu ba. Kuma da gaskiyarta. Labari na ba ta, ban ba ta hujjar da za ta taɓa da hannunta ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin a kan irin waɗannan gungu na yi digirina na uku, na san amsar tana nan a cikin alƙaluma, amma ban san ta yadda zan kawo alƙaluman cikin aji ba.

Abin da ya warware mini wannan matsala shi ne SkyServer, ƙofar da aikin Sloan Digital Sky Survey, wanda ake taƙaitawa SDSS, ya buɗe wa kowa a intanet. Na daɗe ina amfani da shi, a aji da kuma a nawa binciken, don haka na ga ya dace in faɗi abin da na sani a kansa, alherinsa da iyakarsa, saboda malamai 'yan'uwana da kuma ɗaliban da ke neman abin da za su gina aikin kammala karatunsu a kai.

Ga wanda ba fanninsa ba ne, galaksi garke ne na taurari, biliyoyinsu, tare da iskar gas da ƙura, duk jan nauyi ya ɗaure su wuri ɗaya. Ranarmu tauraro ɗaya ce a cikin irin wannan garke. Su kuma galaksi ba a warwatse suke daidai wa daida ba. Akwai inda ɗaruruwa ko dubbai suka yi cincirindo suna kewaya juna, shi ne gungu. Babu wani abu a sararin samaniya da jan nauyi ya gama ɗaurewa wanda ya fi gungu girma. George Abell ya zauna da faifan hotunan sama na tashar hangen taurari ta Palomar yana duba su da ido, a 1958 ya fitar da jerin gungu 2,712, kuma har yau da lambobinsa muke kiran yawancinsu. Gungun Coma shi ne na 1656 a jerinsa.

Shi SDSS madubin hangen nesa ne mai faɗin mita 2.5 a Apache Point, cikin jihar Niyu Meziko ta Amurka, wanda ya fara aikin safiyon sama gadan-gadan a shekarar 2000. Ba shi ne mafi girma ba ko a zamaninsa. Abin da ya bambanta shi shi ne naci da tsari: ya ɗauki hoton wajen kashi ɗaya cikin uku na sama baki ɗaya ta matatan launi guda biyar da ake kira u, g, r, i da z, sannan ya koma ya tsinci galaksi ɗaya bayan ɗaya yana rarraba haskensu kamar bakan gizo. Yadda ake wannan rarrabawar a shekarun farko yana burge ɗalibai duk lokacin da na faɗa musu. Faranti ne na alminiyom ake hudawa, kowace huda daidai wurin da hasken wata galaksi zai faɗo, sai mutum ya tsaya da hannunsa ya soka zaren gilashi mai ɗaukar haske zuwa na'urar rarrabawa a kowace huda, guda 640 a faranti ɗaya, daga baya aka kai 1,000. Duk alƙalumin da ɗalibi ya gani a allon kwamfutarsa, akwai wanda ya soka zarensa da yatsunsa. Yanzu 'yan ƙananan na'urori masu motsa kansu ne ke wannan aikin.

Duk wannan tarin bayani aka zuba a SkyServer tun 2001, kyauta, ba sai ka nuna takardar wata jami'a ba. Alex Szalay na jami'ar Johns Hopkins da Jim Gray na kamfanin Microsoft su ne ginshiƙan gina shi. Gray ya fita teku shi kaɗai a jirgin ruwansa a watan Janairun 2007, ba a sake ganinsa ba. Nakan ambaci sunansa a aji, don ina ganin wanda ya yi aikin da ya sa ɗalibi a ko'ina yake iya taɓa bayanan da babban farfesa ke taɓawa ya cancanci a tuna da shi.

Wurin da nake fara kai ɗalibai shi ne sashen da ake kira Navigate. Akwai gurabe biyu da za ka rubuta adireshin wuri a sama. Ka sa 194.95 a na farko, 27.98 a na biyu, ka danna. Abin da zai fito shi ne tsakiyar gungun Coma. Ban taɓa gajiya da kallon fuskokin ɗalibai a wannan lokacin ba. Manyan galaksi biyu masu ruwan zinariya, NGC 4889 da NGC 4874, kowace da ƙananan galaksi sun yi mata rumfa kamar ƙudan zuma a bakin amya, kuma duk inda ka ja hoton sai ƙarin wasu. Nakan ce musu su yi ƙoƙarin ƙirga taurari a hoton. Sai su tarar taurarin, masu tsinin haske, 'yan kaɗan ne. Kusan duk ɗigon da ke da gefe mai laushi galaksi ce sukutum. Coma ya yi sa'ar wuri, domin yana kusa da inda muke leƙawa kai tsaye waje daga faifan galaksinmu, inda ƙura da taurarin gida ba sa tare hanya. Hasken da suke gani ya baro can wajen shekara miliyan 320 da suka wuce.

Hoto dai hoto ne, ana samunsa a littafi. Inda SkyServer ya fi littafi shi ne, idan ka danna kowace galaksi, sai ya ba ka ƙofa zuwa sashen Explore, inda za ka ga haskenta a launuka biyar, girmanta, da bakan haskenta idan an auna. Nan nake tsayar da aji mu daɗe. Iskar haidurojin mai zafi tana fitar da wani jan haske mai tsawon zango nanomita 656 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) idan ka auna shi a ɗakin gwaji. A galaksin Coma da ke haifar sababbin taurari, za ka ga wannan tsinin ya koma wajen 671. Layuka biyu na sinadarin kalsiyam, da ya kamata su zauna a 393 da 397, sun matsa zuwa wajen 402 da 406. Kowane layi ya miƙe da kimanin kashi 2.3 cikin ɗari. Wannan miƙewa zuwa ɓangaren ja ita ake rubutawa da harafin z (ba z ɗin matatan launi ba), kuma idan ka ninka ta da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, za ka sami saurin da galaksin ke nisantar mu: kimanin kilomita 6,900 a kowane sakan. Ina sa kowane ɗalibi ya yi wannan da hannu sau ɗaya ko biyu, ya gano layin da kansa, ya raba, ya ninka, kafin in yarda ya karɓi alƙalumin da kwamfuta ta riga ta fitar. Wanda bai taɓa neman layin da idonsa ba, ba zai san ranar da kwamfuta ta yi kuskure ba.

Daga nan sai aikin gaske. Ba galaksi ɗaya muke so ba, ɗaruruwa muke so. A nan ne ake shiga sashen tambayar rumbun bayanai da harshen SQL. Na san wannan suna yana tsorata ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziks da ba su taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, amma tambayar da muke buƙata ba ta wuce layi shida ko bakwai ba, kuma akwai misalai a shirye da mutum zai ɗauka ya gyara. Ma'anar tambayar ita ce: ba ni duk galaksin da aka auna bakan haskensu a cikin da'irar digiri ɗaya daga tsakiyar Coma, da wurinsu, da haskensu, da z ɗinsu. Digiri ɗaya faɗin wata biyu ne a jere, don haka da'irar ta kai faɗin wata huɗu. Cikin 'yan sakanni amsa za ta dawo, ka sauke ta a matsayin tebur, ka buɗe a kowace manhajar lissafi da kake da ita.

Sai a zana sanduna: galaksi nawa ne ke gudun kilomita 4,000 zuwa 4,500, nawa ne 4,500 zuwa 5,000, haka har sama. Wani tudu zai taso a wajen 7,000, mai faɗin gindi, sannan can gaba wasu ƙananan tuddai a 20,000 da abin da ya fi. Tudun farko shi ne Coma. Sauran galaksi ne da ke can bayansa nesa ƙwarai, layin kallo kawai ya haɗa su da shi.

A nan wani ɗalibina ya yi kuskuren da ya fi duk bayanina amfani. Bai ware na baya ba, ya haɗa kowa da kowa ya yi lissafi, sai ya fito da nauyin da ya ninka na abokansa sau ɗaruruwa. Ya zo wurina da takardar yana cewa, "Malam, ko dai na gano wani abu ne?" Muka zauna tare muka koma kan zanen. Da na tambaye shi ko galaksin da ke gudun kilomita 30,000 za ta iya zama 'yar gida ɗaya da mai gudun 7,000, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a'a, ya ɗauki takardarsa ya koma. Tun daga shekarar ban ƙara faɗa wa aji inda za su yanke ba. Ina barinsu su yi gardama a kai. Wasu su yanke daga 4,000 zuwa 10,000, wasu su matse, amsoshinsu su ɗan bambanta, sai mu tattauna dalili. Tambayar wace galaksi ce ta cikin gungu, wace ce baƙuwa, ita ce ta cinye mini watanni a nawa binciken, kuma ban ga dalilin ɓoye wa ɗalibai cewa masu bincike ma suna fama da ita ba.

Idan an ware 'yan gida, abin da ya rage shi ne faɗin tudun. Duk galaksin Coma nisansu ɗaya ne daga gare mu, kusan. To me ya sa wata ke gudun 5,500, wata 8,500? Saboda ban da tafiyar da faɗaɗar sararin samaniya ke yi da su gaba ɗaya, kowace tana nata zirga-zirgar a cikin gungun, wata ta nufo mu, wata ta ba mu baya. Idan ɗalibai suka lissafa bazuwar, sukan sami wajen kilomita 1,000 a sakan. Daga nan nake tafiya da su a hankali, don nan ne zuciyar darasin. Kilomita 1,000 a sakan kashi ɗaya ne cikin 300 na gudun haske. Da'irar da muka zana, a nisan Coma, faɗinta ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 11. Ke nan galaksi za ta ratsa ta daga gefe zuwa gefe cikin shekara biliyan 3 da 'yan kai. Shekarun sararin samaniya kuwa biliyan 13.8 ne. Da babu abin da ke riƙe su, da tuni sun watse, ba za mu tarar da gungu ba. Wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya san iya saurin dutse iya ƙarfin da igiya ke buƙata. Saurin galaksi yana faɗa mana ƙarfin igiyar, ƙarfin igiyar kuma yana faɗa mana nauyin da ke jan su.

Ƙa'idar da ke haɗa waɗannan ita ce ta biriyal, kuma a siffarta mafi sauƙi ba ta wuce ninka bazuwar gudu da kanta, a ninka da rabin faɗin gungun, a ninka da biyar, a raba da alƙalumin jan nauyi na Newton. Amsar takan faɗo tsakanin nauyin rana tiriliyan 1,000 zuwa 2,000. Sai in ce su koma teburinsu su tara hasken galaksin duka, su ƙiyasta taurari nawa ake buƙata su ba da wannan hasken. Taurarin ba sa kai ko kashi 5 cikin ɗari na nauyin da suka samu. Ajin yakan yi tsit a wannan gaɓar. Wasu su sake lissafi suna zaton sun ɓatar da sifiri. Ba su ɓatar ba.

Wannan shi ne abin da Zwicky ya yi a 1933, yana jami'ar Caltech ta Amurka, da gudun galaksi da ba su kai goma ba, a wannan gungun dai na Coma. Ya rubuta da Jamusanci a wata mujallar Suwizalan cewa lallai akwai wani abu mai duhu da ya fi mai haske yawa nesa ba kusa ba. Alƙaluminsa na yadda mai duhun ya ninka mai haske ya yi yawa, domin ma'aunin nisan da ake amfani da shi a lokacin ya sa gungun ya zama kusa fiye da yadda yake, amma asalin maganarsa ta tsaya. An ɗauki shekaru kusan arba'in kafin akasarin masana su rungume ta, bayan Vera Rubin da wasu sun ga irin wannan giɓin a yadda galaksi ɗaiɗaiku ke juyawa. Ɗalibina na aji uku yana da galaksi ɗaruruwa a gabansa inda Zwicky ke da 'yan ƙalilan, kuma yana gama aikin a zama ɗaya na awa uku. Wannan kaɗai ya isa in ce ban ga kayan koyarwa da ya kai SkyServer a wannan fanni ba.

Akwai darasi na biyu da nake so ƙwarai, don ya fi kusa da nawa binciken. Da teburin nan dai, a cire hasken r daga hasken g na kowace galaksi, abin da ya fito shi ne launinta. A zana launi a gefe ɗaya, haske a ɗaya gefen. Yawancin galaksin Coma za su jeru a kan wani siririn layi ja, kamar an ja shi da rula, tsofaffin taurari zalla, babu haihuwa. Shuɗɗan, masu hannaye a murɗe da ke haifar taurari, kaɗan ne, kuma idan ka duba wurinsu za ka tarar yawancinsu a gefen gungun suke. Alan Dressler ya nuna a 1980, da gungu 55, cewa iya cunkoson wuri iya ƙarancin galaksi masu murɗaɗɗun hannaye. Me ke kashe haihuwar taurari idan galaksi ta faɗa cikin gungu? Ɗaya daga amsoshin ita ce wadda James Gunn da Richard Gott suka kawo a 1972: galaksin tana kutsawa cikin iska mai zafi da gudun gaske, iskar ta share mata gas ɗinta kamar yadda guguwa ke kwashe hula daga kan mai gudu. Gunn ɗin nan shi ne ya tsara kyamarar SDSS bayan shekaru. Ina sa ɗalibai su maimaita zanen da gungun Hercules, wato Abell 2151, wanda bai kai Coma cunkoso ba kuma ya fi shi shuɗɗan galaksi. Bambancin yana fitowa ba sai na yi bayani ba.

To amma SkyServer yana da iyaka, kuma malamin da bai koyar da iyakar ba ya bar aikinsa a rabi.

Babba a cikinsu ita ce wannan iska mai zafi da na ambata ba ta fitowa a hotunansa ko kaɗan. SDSS hasken da ido ke gani da ɗan abin da ke gefensa yake aunawa. Iskar da ke cike tsakanin galaksin Coma zafinta ya kusa digiri miliyan 100, don haka hasken eksire take fitarwa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma sai daga sama da iskar duniya ake ganinsa. Tauraron ɗan'adam na Uhuru, wanda aka harba daga gaɓar tekun Kenya ranar 12 ga Disamban 1970, yana cikin na farko da suka nuna gungu na haskawa da irin wannan haske. Nauyin iskar nan ya ninka na taurarin gungun sau da yawa. Idan ɗalibi ya tsaya a SkyServer kaɗai, zai ɗauka duk abin da ba tauraro ba ɓoyayyen abu ne, alhali wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari iska ce ta yau da kullum. Ko an haɗa da ita giɓin yana nan, sama da kashi 80, amma dole a haɗa. Ni nakan buɗe musu ESASky na hukumar sararin samaniya ta Turai a gefe, mu ɗora hoton eksire na tauraron ɗan'adam XMM-Newton a kan wurin da muka gama kallo. Wurin da suka ɗauka fanko ne tsakanin galaksi sai su gan shi cike fal.

Ta biyu ta samo asali daga farantin nan na alminiyom. Zare biyu ba sa iya matsar juna fiye da sakan 55 na kusurwa a faranti ɗaya, saboda kaurin abin da ke riƙe su. Sakan na kusurwa kuwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. A fili mara cunkoso wannan ba komai ba ne. A tsakiyar gungu, inda galaksi ke gogar juna, wasu za su rasa zare sai idan wani farantin ya sake bi ta wurin. Abin yana ƙaruwa iya nisan gungun. Wanda ke ƙirga galaksi a cibiyar gungu mai nisa da bakan haske kaɗai zai samu ƙasa da gaskiya, kuma a daidai wurin da ya fi buƙatar gaskiyar. Haka kuma bakin zaren ɗan ƙarami ne, sakan 3 na kusurwa, wanda a nisan Coma bai wuce tafiyar haske ta shekara 5,000 ba. Cibiyar galaksi kaɗai yake gani. Galaksin da tsakiyarta ta tsufa amma hannayenta na haihuwar taurari za ta iya bayyana a bakan haske kamar wadda ta mutu. Shi ya sa nake nanata wa masu aikin kammala karatu: kada ka yanke hukunci a kan galaksi sai ka kalli hotonta. Kallon hoton yana kuma kama wani abu da aka sani da manhajar da ke tsinto abubuwa daga hotuna, wato takan daddatsa babbar galaksi ta kusa ta ƙirga ta a matsayin abubuwa da yawa.

Sai batun sama ta kudu. Yawancin hotunan SDSS na arewacin sama ne. Gungun da ake kira Bullet, wanda a 2006 Douglas Clowe da abokan aikinsa suka nuna cewa iskarsa tana wuri ɗaya, nauyinsa kuma yana wani wurin bayan karon gungu biyu, yana can kudu sosai, ba za ka same shi a nan ba. Ɗalibai kan tambaye shi don sun ji labarinsa. Kuma kyamarar SDSS sakan 54 kacal ta ba kowane wuri, daga ƙasa, ta cikin iskar duniya mai rawa, don haka siraran zanen haske masu siffar baka da nauyin gungu ke lanƙwasawa, waɗanda madubin Hubble da ke sararin samaniya ya nuna a gungun Abell 1689, a nan ba za ka gan su yadda suke a can ba. Ba a gina shi don wannan ba. Faɗi aka nema, ba zurfi ba.

Game da sauƙin amfani, gaskiya ita ce ranar farko tana da nauyi. Teburan bayanan suna da ginshiƙai ɗaruruwa, kuma hasken galaksi ɗaya ma akwai hanyoyi da dama da aka auna shi, kowace da sunanta da inda ta dace. Akwai sashen da ke bayyana ma'anar kowane ginshiƙi, amma da Turanci ne na masu fanni. Shawarata ga malami ita ce ya rubuta tambayar farko da kansa, ya raba wa aji, ya bar su su canja abu ɗaya kawai, misali faɗin da'irar. A mako na biyu su canja gungun. Zuwa mako na uku za ka ga wasu sun fara ƙara sharuɗɗan da ba ka koya musu ba. Tambaya mai girma sosai tana da iyakar lokaci da yawan layuka a sashen gaggawa, sai a koma CasJobs, inda ake buɗe rajista kyauta a bar tambaya ta yi aiki a ajiye sakamakon. Aikin aji bai taɓa kai ni can ba; bincike ne ke kai ni. Akwai kuma Voyages, darussa a shirye da masu aikin suka tsara don malamai, sun fi dacewa da 'yan aji ɗaya.

Abu ɗaya da na koya da wahala: a sauke teburin kwana ɗaya kafin darasi a ajiye a filashi. Wata rana layin intanet na ɗakin kwamfutarmu ya yanke ana tsakiyar aiki, aji cike, muka rasa awa guda. Teburin Coma ƙarami ne ƙwarai, ko ta waya ana iya tura shi, kuma duk lissafin da na bayyana ba ya buƙatar intanet bayan an sauke. Kallon hotuna a Navigate ne kaɗai ke cin data, shi ma ba kamar bidiyo ba.

Ga mai sha'awar kallon sama kawai, Navigate ya ishe shi, zai yi dare yana yawo. Ga malamin fiziks da ke son ɗalibansa su ɗanɗana bincike ba tare da madubin hangen nesa ba, ban san abin da ya fi wannan ba. Ga mai digiri na biyu ko na uku a kan gungu na kusa, nan ne mafari, amma sai ya haɗa da bayanan eksire, kuma ya karanta yadda aka zaɓi galaksin da aka ba zare kafin ya ƙirga komai.

Ɗalibar da ta yi mini tambayar nan ta riga ta gama kafin in tsara wannan darasi, abin da har yanzu nake jin ciwonsa. Amma tambayarta nake rubutawa a saman takardar aikin kowace shekara, kalma uku, kamar yadda ta faɗe su. A ƙasan takardar akwai gurbin da ɗalibi zai rubuta nauyin da ya samu, da iyakar gudun da ya zaɓa, da dalilinsa, sannan ya sa hannu. A bana wata ɗaliba ta ƙara layi a ƙarƙashin sa hannunta, ta ce ta lura da wani ɗan tarin galaksi a kudu maso yammacin cibiyar da gudunsu ya ɗan fi na sauran, tana tambaya ko ya kamata ta cire su. Rukunin NGC 4839 ta gani, wanda masana ke nazarin yadda yake cuɗanya da Coma. Ban faɗa mata sunan ba tukuna. Na ce ta faɗaɗa da'irar zuwa digiri biyu, ta zana wurin kowace galaksi da launi gwargwadon gudunta, ta kawo mini ranar Litinin.